Me Zan Faɗa a Lasifikar Masallacinmu?

Zuwa ga jami'in da ke kula da rigakafi a yankinmu,

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaishe ka, kai da ma'aikatanka, da fatan kuna lafiya. Sunana Malam Habu, ni ne ladanin wani ƙaramin masallaci a Kabara. Ban saba rubuta wa hukuma takarda ba, tsoro ne ya sa ni.

Na ɗaya. Lokacin da allurar korona ta zo, ma'aikatanka biyu suka same ni a ƙofar masallaci, suka roƙi in yi sanarwa a lasifika, saboda mutanen unguwa sun fi yarda da muryata a kan ta rediyo. Na tambaye su me zan ce. Suka ce in faɗa wa jama'a duk wanda aka yi wa sau biyu ya tsira. Haka na faɗa, bayan azahar da la'asar, mako guda cur. Ni na fara miƙa damtsena a gaban kowa, sannan na kai matata Rabi, wadda asma ta daɗe tana wahalar da ita. Masu cewa an sayi ladan suka yi ta faɗa, na toshe kunnena.

Na biyu. Babu wanda ya gaya mana cewa ƙwayar cutar tana sauya kama. A rediyo na tsinci labarin sabon nau'i mai kama har waɗanda aka yi wa allura. Ma'aikatan nan kuwa, da suka san hanyar masallaci ranar da suke neman muryata, ban sake ganin ko ƙeyarsu ba.

Na uku. Kwanan nan maƙwabcina Alhaji Isa mai ɗinkin hula ya rasu, bayan kwana shida yana tari da zazzaɓi da sarƙewar numfashi. Allura biyu aka yi masa, a bayana ya tsaya a layi. Ba a gwada shi ba, don haka ba zan rantse cutar ce ba. Tsoho ne, ga ciwon sukari. Amma da lasifikar da na kira shi allura, da ita na sanar da jana'izarsa. Ina fitowa ɗansa ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, ba kai ka ce sun tsira ba?"

Na huɗu, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Rabi ta yi kwana uku tana zaman makoki a gidan, ɗaki cike da mata, ana musabaha, ana shan ruwa a moɗa ɗaya. Da za ta tafi ta ɗauko takunkumin fuska. Ni da bakina na ce ta ajiye, kada a ce tana ƙyamar gidan mutuwa, ai ta yi allura. Yau kwana huɗu tana tari. Gidanmu katanga ɗaya ne da masallaci, ina kiran sallah ina jiyo tarinta.

'Yar ƙanwata, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta zo ta duba ta. Ta ce allurar ba ta tashi a banza ba: ko ba ta hana kamuwa da sabon nau'in ba, tana rage tsananin ciwon, kuma masu lalura irin ta Rabi suna buƙatar ta uku. Na yarda da ita, da wannan maganar nake lallashin zuciyata. To amma me ya hana a gaya mana haka tun farko? Da an ce mana kariya ce mai ƙarfi amma ba cikakkiya ba, da ban sa ta ajiye takunkumin nan ba.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Ka aiko wanda ya san aikin ya tsaya gaban jama'a bayan la'asar, ya faɗi abin da allurar take yi da abin da ba ta yi. A gaya mana inda za a gwada mai tari, da inda ake yin ta uku, don an tashi daga wurin da aka yi mana. Mutane sun fara cewa ba za su ƙara ba, ni kuma ba zan sake maimaita maganar da ban fahimta ba.

Allah ya dafa maka, ya tsare ka da iyalinka. Ranka ya daɗe, duk mutuwar da aka yi a unguwar nan ni nake sanarwa, babu mai karɓar mini. Ka dube ni don Allah, kada ranar ta zo da zan kunna lasifikar nan in faɗi sunan Rabi.

Wassalam,
Malam Habu, ladan, Kabara.