Koya wa Gwaggo Tsoro

Litinin, 3 ga Maris

Yau ma jama'a sun wuce ɗakin da nake kula da shi kamar ba su gan shi ba, kowa sai wajen zaki. Gidan namun dajin nan cike yake da birai da giwaye, amma cikin tsuntsayen tsibiri, Gwaggo ce kaɗai ta rage mana. Wani ya leƙo, ya ce wa matarsa, "Kaza ce fa, mu je." Kaza! Tsuntsuwar da kakanninta suka fito daga wani ɗan tsibiri can tsakiyar teku, inda babu mai cin su, har suka manta yadda ake tashi sama. Ni na sa mata Gwaggo saboda tafiyarta: a hankali, ƙirji gaba, kamar za ta je yi wa wani faɗa.

Alhamis, 6 ga Maris

Ina shara ta zo ta kwanta kan takalmina. Na tsaya da tsintsiya a hannu har ƙafata ta sage. Ina kallon hoton tsibirin da ke bango, sai na ji kamar ina can. Ruwa ta ko'ina, ciyawa mai laushi, iska mai gishiri. Ni da ko sau ɗaya ban taɓa ganin teku ba.

Asabar, 15 ga Maris

Likita ta kira ni ofis. Wai za a mayar da Gwaggo tsibirinsu, a haɗa ta da 'yan uwanta da suka rage, ko Allah zai sa a samu ƙwai. Ban gama murna ba ta ce, "Amma akwai aiki, Baba. Jiragen ruwa sun kai kyanwoyi can. Tsuntsun da bai san tsoro ba, ba zai kwana biyu ba."

Dole a koya mata gudu, daga kyanwa, daga mutum. Na ce to wa zai yi? Ta ce, "Da kai ta saba. In ta guje ka, za ta guji kowa."

Talata, 18 ga Maris

An kawo wata kyanwar yadi cushe da auduga, a kan 'yan tayoyi. Na ja ta da igiya, na buga gwangwani, na yi ihu. Gwaggo ta tako, ta karkata kai, ta ciro zare daga gashin bakin kyanwar. Dariya ta kai ni ƙasa. Sai kuma na tuna abin da nake yi wa dariya, jikina ya yi sanyi.

Juma'a, 28 ga Maris

Dokar Likita: abinci ta taga, ba magana, ba taɓawa. Ni kuwa da na gama tsorata ta sai in zagayo da 'yan tsutsotsi a tafin hannu, mu shirya. Na gaya wa maiɗakina, ta ajiye ɗinkinta ta ce, "Malam, ka mare ta da dama ka rarrashe ta da hagu? Ai kyanwar can ba za ta dawo ta ba ta haƙuri ba." Na ce ba ruwanta. Haushi ne ya hana ni cewa ta yi gaskiya.

Laraba, 2 ga Afrilu

Gyangyaɗi ya ɗauke ni a benci da rana. Ga ni a tsibirin, ba takalmi. Tsuntsaye irin Gwaggo sun cika ciyawa, suna ratsa ƙafafuna kamar ni bishiya ce. Daɗi har ba na son farkawa. Sai na ga kyanwa zaune a tsakiyarsu tana lashe hannu. Ko ɗaya bai matsa ba. Na buɗe baki in yi ihu, muryata ta ƙi fita.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Ta taho wajen takalmina kamar kullum. Na watsa mata ruwan bokiti, na bi ta da raga har ƙarƙashin ganye. Kukan da ta yi, ban san tana da shi ba. Wallahi na tsani kaina.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Ba abin rubutawa. Bokiti, raga, kyanwar yadi. Na daina kallon hoton bango.

Litinin, 21 ga Afrilu

Gobe za a sa ta a akwati. Likita ta ce in shiga mu yi sallama, yau dai an yafe mini.

Na tsaya bakin ƙofa da tsutsotsi a hannu, na kira ta a hankali, kamar da. Gwaggo. Ko motsi. Sai ɗan jan idonta can cikin ganye, yana auna ni. Ta koyi tsoron, amma ban ce na yi murna ba.

Na san muryar da in na sake kira da ita, wataƙila ta fito. Na zuba tsutsotsin ta taga, na buga ƙafa a ƙasa da ƙarfi, na ja ƙofa.