Kaset Mai Jan Salatif

Safana, 3 ga Oktoba, 2021

Zuwa ga Yaya Ɗanmalam, Wagini.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Khadijatu da yara, da Inna da jikinta. Ya kuma haƙuri da wannan hali? Tunda aka ɗauke sabis an koma takarda, sai na ba Haliru direba wannan ya kawo maka.

Dalilin rubutun shi ne kwalin kaset ɗina na finafinan Chaina da na bari a ɗakinka lokacin da aka yi mini canjin makaranta. Mati mai gyaran rediyo ya tayar mini da bidiyo bayan shekara shida, jiya har hoto ya kawo. Ba duka nake so ba. Akwai guda ɗaya mara hoto a jiki, mara suna, na liƙa masa jan salatif a gefe. Na wani tsohon kuku ne da ke faɗa da ludayin ƙarfe. A Jibiya na same shi, ranar da wani gidan kallo ke rufewa. Na tambaya har Kano, na sa an duba intanet, ba wanda ya san sunansa balle ya ce yana da shi. Sau ɗaya na kalla, ban maimaita ba don kada zaren ya gaji.

Ka naɗe shi a tsumma, kar Haliru ya aje shi inda rana ke bugawa.

Ƙanenka,
Jamaluddeen

Wagini, ran Alhamis

Malam Jamalu,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Inna na gaishe ka, ta ce har yanzu ba ka bar kallon masu tsalle-tsallen nan ba?

Ga kwalinka nan gaba ɗaya. Amma bari in faɗa maka da bakina kafin ka ƙirga. Ka san bana ba mu taka gonar daji ba saboda mutanen nan masu bindiga. 'Yar ta bayan gari kawai muka shuka, maiwa ce, ta kuwa yi kyau. To, tana fara ido sai ga tsuntsayen jan-baki kamar hadari. Wa zai wuni can yana kora? Daudu maƙwabcinmu da ya gwada a tasa gonar, har yau ba labarinsa. Sai na tuna dabarar zaren kaset. Na kakkafa sanduna, na ja shi daga wannan kai zuwa wancan. Iska na kaɗa shi yana walƙiya yana kuka, wallahi ko ɗaya ba ya sauka.

Ka kwantar da hankalinka, ban taɓa masu kyan ba. Duk mai hoto a jiki na bar maka. Marasa hoto na zaɓa, guda biyar, na ce waɗannan dai ba su da amfani. Mai jan salatif na ciki, shi ya ma fi tsawo.

Yayanka,
Ɗanmalam

Safana, 10 ga Oktoba

Yaya,

Salamu alaikum. Ina gaida kowa. Allah ya bayyana Daudu.

Kwali ya iso. Haba Yaya! Masu hoton nan ai ko a bakin tasha ana samunsu. Marasa hoton su ne na yi shekara goma sha tara ina bi gari-gari. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Kwana biyu na yi ban buɗe littafin darasi ba.

Na kai wa Mati maganar. Ya ce idan aka sauke zaren cikin makon nan, aka naɗe shi a hankali a jikin kara ba tare da ya tuƙe ba, wataƙila a tsira da rabi. Idan ya ƙara sati biyu a rana da raɓa, shi ke nan. Don Allah na jan salatif kaɗai nake roƙo.

Jamaluddeen

Wagini, ran Talata

Malam Jamalu,

Amin wa alaikumus salam. Na karanta, na ji kunya. Laifina ne, da na tambaye ka.

Na je na duba. Na jan salatif ɗin shi ne ya tsare gefen rafi, inda tsuntsun ke shigowa. Ba zan iya musanya shi ba, don sai an shiga can ciki, kuma tun ran Asabar ake ganin babura a wajen. Sau ɗaya zan iya zuwa in sauke in fito. Maiwa kuma sai ta ƙara kwana ashirin. Mu goma sha ɗaya ne a kanta, har da Inna, rumbu kuwa ka san yadda yake.

Kayanka ne. Ka ce sauke, in sauke da safe, ba kuma zan riƙe ka a zuciya ba.

Ɗanmalam

Safana, 14 ga Oktoba

Yaya,

Salamu alaikum. A gaida Inna.

Bar shi inda yake. Kar ka shiga wajen.

Idan an yi girbi, kada ka aiko mini da abin da ya rage. Ba na son in gani.

Ƙanenka,
Jamaluddeen