Takardun da na ƙona

Litinin, 14 ga Yuli, 2025
Jiya aka yi sadakar arba'in ɗin ɗiyata. Yau ko tabarmin baƙi ban gama naɗewa ba sai ga wata yarinya daga Dutsin-Ma, wai ita Lubna, ajinsu ɗaya da ɗiyata a kwaleji. Ta yi gaisuwa, ta yi kuka, na ba ta ruwa. Can sai ta ce, "Inna, don Allah ko kin ga wasu takardu cikin jakarta? Na furojet ɗinmu ne, aikin bincike na gama karatu."

Takardu! Su ne fa suka kai ta Barkiya ran nan. Gida talatin ta shiga tana tambayar mata masu matsar man gyaɗa yadda man ke isa kasuwar Kurfi. Tana dawowa daga gida na ƙarshe babur ya sulɓe da su a kwazazzabo, bayan ruwa. Yanzu an zo mini gida neman takardu.

Na ce ban gani ba.

Alhamis, 17 ga Yuli
Ƙarya na yi wa yarinyar. Na gan su.

Kwana uku da rasuwar na buɗe jakar. Laka ta bushe a jikinsu. Kowane shafi ta rubuta Bismilla a samansa, yadda babanta ya koya mata tun tana riƙon allo. A gidan nan takarda mai sunan Allah ba ta yawo, ƙona ta ake yi a binne tokar a gindin katanga. Haka na yi. Haka kuma na gaya wa baban nata, Malam Sa'idu, ya gyaɗa kai.

Abin da ban gaya masa ba, da suna ci da wuta na ji sanyi a raina.

Juma'a, 18 ga Yuli
Karatun jigilar kaya. Shekara biyu ana koya mata yadda jarka za ta isa kasuwa lafiya. Ba wanda ya koya mata yadda ita za ta iso gida.

Talata, 22 ga Yuli
Lubna ta dawo. Lakcaransu ya ba ta zuwa ƙarshen Agusta. In ba amsoshin matan nan, ba furojet, ita ta maimaita shekara, sunan tawa kuma ya fita, kamar ba ta taɓa yin aikin ba. Ta ce ta je Barkiya da kanta, matan suka ƙi magana. Kowace sai ta ce, "Ke ɗiyar wa ce?" Yo dama. Ai don sun san ɗiyata ce, ni Turai, suka buɗe wa waccan baki. Can aka yanke mini cibi.

Na gaya mata gaskiya. Na zata kuka za ta yi. Sai ta dube ni cikin ido ta ce, "Inna, wahalarta ta wata huɗu kika ƙona."

Ni za a gaya wa wahalarta? Ni da na yi mata wanka na ƙarshe? Na ce ta tashi ta bar mini gida.

Laraba, 23 ga Yuli
Ashe Malam yana zaure, ya ji komai. Da safe na kai masa koko, bai ɗago kai daga littafi ba ya ce, "Turai, sunan Allah kika tsare, ko zuciyarki kika huce?"

Shi da ko a makabarta an ce bai zubar da hawaye ba. Shi ne kuma ya sa hannu ta tafi kwalejin ina cewa a bari. Na ajiye kokon na fito. Bai samu sukari ba, da gangan.

Asabar, 26 ga Yuli
Ban ci komai ba. Na share gindin katanga sau biyu.

Laraba, 30 ga Yuli
Na je Barkiya. Ba don kwalejinsu ba, ba don Lubna ba. Don kada a ce ni na goge sunan ne kawai.

Na ce babur dai har abada. Muka shiga a-kori-kura tare da buhunan taki. Da muka zo kwazazzabon na rufe fuska da mayafi. Lubna ta kama hannuna, na fizge.

Gidan Rekiya muka fara, ƙawata ta ƙuruciya. Tana ganina da fayil a hammata ta ce, "Lale da 'yar boko! Turai, da furfurar za a shiga aji?" Ta yi dariya, sai kuma ta rungume ni muka yi ta kuka kan turmi.

Lubna ta fara karanta tambaya daga takarda: wai wane tsarin sufuri kike amfani da shi. Rekiya ta waigo ta ce, "Mi ta ce?" Na ƙwace takardar na ce, "Wa ke kai maki mai kasuwa? Jarka nawa ta fashe bana?" Nan da nan baki ya buɗe. Shekara biyu a kwaleji, yarinya ba ta iya tambaya ba!

Gida shida muka yi.

Lahadi, 3 ga Agusta
Yau ƙauyen Wurma, can ma ta shiga gidaje. Gida bakwai. Ƙafafuna sun kumbura, kuma har yanzu haushin kowa nake ji.

Wata Hassana ta nuna mini jarkokinta, an sa leda a baki kafin a murɗa murfi. Ta ce, "Ɗiyarki ce ta koya mana. Ta kuma ce mu bar ba kowane mai babur jarka ɗai-ɗai, mu haɗu mu ɗauki mota guda ran kasuwa. Tun daga nan ko guda ba ta fashe ba."

A gida ba ta taɓa gaya mini wannan ba. Ko ta gaya mini ina tankaɗe ban saurara ba. Ɗiyar fari ce. Shekara ashirin da biyu ban taɓa kiran sunanta ba, saboda kunya. "Ke" nake cewa, ko "yarinyar nan". Ko kallon kirki ba na yi mata gaban mutane.

Talata, 12 ga Agusta
Talatin sun cika. Lubna ta yi barci a kafaɗata cikin mota. Na bar ta, don in na motsa buhu zai faɗo.

Alhamis, 28 ga Agusta
An karɓi furojet. Lubna ta kawo mini nawa kwafin, an yi masa bango kore. Sunan tawa ne a sama, nata a ƙasa. Shafi na biyu ta bar shi fari, ta miƙo mini biro ta ce, "Inna, nan ake rubuta wanda aka sadaukar wa aikin. Ke za ki rubuta."

Na ce rubutuna na 'yar aji shida ne, zai ɓata masu littafi. Ta ƙi karɓar biron. Malam na tsaye bakin ƙofa, wai carbinsa yake nema, ga shi a hannunsa.

Na rubuta Bismilla a sama. Sannan na rubuta sunanta. Harafin farko ya karkace.

Ba hucewa na yi ba. Hanyar nan tana nan yadda take, ba wanda ya gyara ta. Wannan dai ba zai ga wuta ba, na sa shi cikin akwati, ƙarƙashin zannuwana.

Lubna za ta dawo ran Asabar. Na jiƙa gero, wai tana son fura.

Raudatu.

Biron nake gwadawa.