Baba, Jirgin Kabiru Ya Faɗi a Daji

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan Allah Ya ƙara haskaka makwancinka, 'yarka Rabi ce ke rubuto maka daga gidanka na Gyaɗi-Gyaɗi.

Yau kwana huɗu ke nan da ɓatan jirgin da Kabiru yake ciki. Ɗana Kabiru, wanda ka bari yana rarrafe. Ya girma ya shiga sojan sama, shi ke duba lafiyar inji. Su biyar suka tashi zuwa wani daji da ake fafatawa da 'yan bindiga, sai aka daina jin su.

Ni na ja shi ga wannan aiki, Baba, da labarinka. Tun yana yaro nake ba shi labarin yadda jirginku ya shiga hadari a yaƙin Bama, kuna jefa wa sojoji buhunan shinkafa, ya daki dutse. Yadda ka farfaɗo cikin warin mai, matsattsaku sun lulluɓe maka ƙafafu. Yadda wasu gajerun mutane masu dogayen adduna suka fito daga duhuwa, ɗaya ya murza fatar hannunka da yatsa don ya ga ko baƙin zai goge.

Ba ka jin yarensu, ba sa jin naka. Suka ɗaure gora suka ɗauke ka, ka ce har ka yi kalmar shahada don ka zaci makara ce. Wata biyu suna ɓoye ka a bukkar wata tsohuwa, tana tauna ganye tana liƙa maka a rauni. Ranar da sojan Japan suka shigo ƙauyen, ta rufe ka da tabarma ta zauna a kanka tana sussukar hatsi. Kabiru ya fi son wannan wurin.

Amma ban taɓa gaya masa zancen Mamman ba.

Sau ɗaya ka faɗa mini, bayan la'asar, a ciwon ajalinka. Ashe ku biyu kuka rayu, kai da Mamman ɗan Tarauni, wanda kuka shiga soja rana ɗaya. Ƙarfe ya danne masa cinya. Mutanen suka yi ƙoƙarin ɗaga ƙarfen, ya ƙi motsi, ga abokan gaba sun hango hayaƙi suna tahowa. Suka ɗauke ka suka juya. Ka ce kana jin muryarsa har kuka haye tudu: "Ilu, kar ka bar ni!"

"Ga ni da bakina, Rabi," ka ce, "amma ban ce su tsaya ba."

A ranar na gane abin da ke kai ka Tarauni a ƙafa duk Juma'a, gaida wata tsohuwa da ba danginmu ba. Mahaifiyarsa ce. Ka gaya mata cewa nan take ya cika, bai sha wuya ba, ta rasu tana sa maka albarka.

Yau da hantsi hafsoshi biyu suka yi sallama, suka cire huluna tun daga zaure. An hango tarkacen jirgin daga sama. Wani mafarauci ya kawo labarin cewa mutanen wani ƙauye can cikin dajin sun ɗauki mutum ɗaya da rai. Ɗaya tak. Ba a san wane ne ba, kuma hanyar ba ta biyuwa tukuna.

Da suka tafi, matar matuƙin jirgin ta kira ni daga Daurawa, muryarta a dashe. "Hajiya, mu haɗu mu roƙa musu gaba ɗaya," ta ce. Na ce amin. Amma Baba, ƙarya na yi. Ina ajiye wayar na kai goshina ƙasa, sunan mutum ɗaya na kira.

Shekara talatin ina riƙe da maganar Mamman a kanka, ban faɗa wa kowa ba, ban kuma yafe maka sarai ba. Yau na yafe, Babana. Kai ma ka yafe mini.

Ya Allah, Ka jiƙan Baba, Ka jiƙan Mamman, Ka haɗa su a inda ba a barin kowa. Wanda ke kwance a hannun mutanen dajin nan, Ka tausasa zukatansu gare shi. In ba Kabiru ba ne, Ka ba ni ƙafar da zan taka in je in yi wa uwarsa barka.

'Yarka mai jira a bakin zaure,
Rabi