Hatsin Alluna Tara

Zuwa ga mai girma Wakilin rabon hatsin makarantu na birnin Sakkwato,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da ban girma, Allah shi ƙara maka lafiya. Ni ne malamin makarantar allon da ke bayan marina, wadda ake aiko wa hatsin baitulmali duk farkon wata. Na sa a karanta takardar nan a bainar jama'a ne domin sau uku ina zuwa ƙofarka ana ce mini kana hutawa.

Na ɗaya. Ƙa'idarku mudu biyu na gero ga kowane allo, kuma makarantar da ta gaza allo ashirin a cire ta daga rabo. Manzonka bai taɓa duban fuskar yaro ba. Yakan tsaya bakin zaure ya ƙirga allunan da ke jingine, ya tafi.

Na biyu. Da bazara cutar agana ta ɗauke mini yara tara cikin ashirin da shida, har da ɗiyata Hajo. Hannuna ya ƙi wanke allunansu, na bar su inda masu su suka jingine. Na gaya wa manzonka sun rasu, ya ce shi allo aka aiko shi ƙirgawa, in kuwa na matsa, sha bakwai zai kai maka. Na ji tsoron yunwar masu rai, na yi shiru. Wata huɗu ke nan ina karɓar rabon matattu, kuma ban wanke kaina daga laifi ba.

Na uku. Rabon taran nan na ware shi a randa. Ƙwari sun ci namu, shi ko kusa ba su je ba. Na watsa wa kaji kaɗan, suka kewaye shi. Hajo ta rasu ta bar rubutun allonta a tsakiyar layi. Ran Laraba da hantsi na tarar an cika layin, da karkataccen hannun nan nata da na sha yi mata faɗa a kai. Yara sun rantse ba su taɓa ba. Ranka shi daɗe, ni mai karatu ne, amma tsoro nake ji.

Roƙona, a zo a kwashe geron a kai makarantar bakin kasuwa, inda yara uku ke raba allo ɗaya suna cin rabon mutum ɗaya. A daina ƙirga itace. Kada kuma a yanke wa sha bakwai ɗina abinci don na faɗi gaskiya.

In za ka zo, ka shigo ka ƙirga kawuna da idonka. Kada ka tsaya bayan katanga lokacin karatun la'asar ka ƙirga muryoyi da kunne. Na gwada, ashirin da shida nake samu.

Allah shi sauƙaƙa maka hisabi, shi jiƙan waɗanda suka riga mu.

Wassalam.

Malamin makarantar bayan marina