Ƙofar da Dada Ta Bari a Jikin Ƙwarya

Bauchi, Yuni 1976

Zuwa ga aminiyata Zulaihatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida Babayo da yara da mahaifiyarki Dada, da duk mutanen Jekadafari.

Bayan haka, ina da ciki, na uku ke nan, kin kuwa san yadda biyun farko suka zube. Tun da aka yi sabuwar jiha aka dawo da maigidana Matiyu aiki nan, hankalinsa bai kwanta ba. Wani abokin aikinsa ya ara masa littafin Turanci mai bayanin alamomin 'yan ƙungiyar asiri. A ciki an ce da'ira wurin tsare aljani ce, mai kusurwa uku kuma ƙofar kiransa. Yana ɗaga kai daga karatun, idonsa ya faɗa kan ƙwaryar da Dada ta zana mini lokacin aurena. Duk suna jikinta, har da gicciye.

Ya ce wuta zai sa mata. Na roƙe shi ya bari in tambaya tukuna. Zulai, kunyar Dada ta ishe ni, matar da ta ciyar da ni fura da nono duk shekarun makarantarmu. Amma tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Don Allah ki tambaye ta ma'anar zanen.

Ki huta lafiya. Taki,
Hilda

Gombe, Yuli 1976

Ƙawata Hilda,

Ina gaishe ki, ina gaida mai ɗan littafi. Wato shekara biyar Matiyu yana shan fura a ƙwaryar nan, sai bana ya hango aljani a ciki? Ai kuwa aljanin ya ƙoshi.

Na karanta wa Dada takardarki ina ɗar-ɗar, amma ko kaɗan ba ta ji haushi ba. Idonta ya yi rauni yanzu, sai ta share ƙasa ta riƙa zana mini da yatsa. Mai kusurwa uku, ta ce duwatsun murhu ne, don kada wuta ta mutu a gidanki. Gicciyen kuwa mararraba ce, inda hanyar mutanenmu da ta mutanenku suka haɗu. Ta ƙara da cewa in mijinki ya ga na cocinku ne, shi ma ba laifi.

Daga nan ta zo kan da'irar. Shingen garke ne, in ji ta. Ki ɗauko ƙwaryar ki duba da kyau, bakin da'irar bai haɗu ba, akwai 'yar ƙofa. Haka uwarta ta koya mata: ana bar wa ɗan maraƙi wurin shiga, in amarya ta haihu a mayar wa mai zanen ta sa wuƙa a wuta ta rufe. Ba a gaya wa amarya, don kada ta zauna tana gadin ƙofa da ido.

Na matsa mata na ce, "Dada, tsakani da Allah, asiri ne?" Ta ce, "'Yar nan, malamai suna rubuta tasu addu'ar a allo, su Hilda suna karanta tasu a littafi. Ni ban iya ko ɗaya ba, da me kike so in roƙa mata?"

Abin da na sani ke nan. Saura ya rage naku.

Taki har kullum,
Zulai

Gombe, Nuwamba 1976

Hilda,

Ina gaisuwa. Shiru dai har yanzu, ban san ko na ɓata muku rai ba ne.

Dada ta rasu ranar Alhamis bayan la'asar. Tun da ta kwanta, duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ta ce a duba ko saƙon Bauchi ne. Ta raba kayanta kaf, ban da wuƙar zanenta, ta ce akwai aikin da ba ta gama ba. Ga ta nan na ba Jaji direba ya kawo miki.

In an riga an ƙone ƙwaryar, ki faɗa mini kawai. Zai yi mini ciwo, amma ba zan riƙe ki a zuciya ba.

Zulai

Bauchi, Janairu 1977

Aminiyata Zulai,

Allah ya ji ƙan Dada, ya ba mu haƙuri. Ki yafe mini shirun, asibiti aka kwantar da ni aka hana ni motsi. Na sauka lafiya, mace ce.

Matiyu ya karanta takardunki, ni kuwa ban tambaye shi ƙwaryar ba don tsoron amsa. Jiya da safe ya hura gawayi a tsakar gida, ya shiga ɗaki ya fito da ƙwaryar a hannu. Sai na ga wuƙar Dada ya sa a wutar.

Bai iya ba, Zulai, layin ya karkace, har ya ƙone yatsa. Amma ƙofar ta rufu.

Taki,
Hilda