Na Ƙwace Wayar Ƙanwata, Yanzu Ta Bar Lakwal

Tanti Sahura, don Allah ki taimake ni, abin nan ya hana ni sakat. Ina da ɗan shago a Dogon Dutsi, amma gidanmu na wani ƙauye ne a ƙasar Dogon Kiriya. Bara Innarmu ta samu shanyewar ɓarin jiki, kuma duk ɗawainiyarta tana kan autarmu Mubarika, ƴar shekara goma sha shida. Ita ke juya ta, ita ke mata wanka, ita ke ba ta kunu a baki. Ga shi bana za ta yi jarrabawar BEPC. Ni nawa kawai in aika da cefane a motar kasuwa, in riƙa jin wai ina ƙoƙari.

Tsohuwar salulata na ba ta don ta riƙa kirana. To, garinmu babu rezo, waya ba ta kamawa sai a kan wani tudu can bayan gari. Da na je gida bayan girbi, abokaina na fada, inda muke zaman shan shayi, suka ja ni gefe, wai kullum da la'asar ana ganin ƙanwata a kan tudun nan ita kaɗai, waya a kunne, har da murmushi. Tanti, ni mutum ne mai saurin fushi, ga ni cikin masu yi wa jama'a wa'azin tarbiyya. Kunya ta rufe ni. Ban tambaye ta komai ba, na fizge wayar a gaban Inna, na gaggaya mata maganganun da ba zan iya maimaitawa ba. Inna ta yi ta son yin magana, bakin ya ƙi, ni kuwa na fice abina.

Makon jiya ƙawarta Lubabatu ta shigo gari, ta tsaya bakin shagona ta wanke ni tas. Ashe duk ranar da jikin Inna ya hana Mubarika zuwa lakwal, wato makaranta, Lubabatu ke ɗaukar hoton darasi ta tura mata, ta yi mata bayani da murya. Abin da take hawa tudu ta saurara ke nan! Tunda na karɓe wayar aka yi mata nisa a karatu, har ta daina zuwa gaba ɗaya.

Na mayar mata da wayar, ta ƙi karɓa, ta ce in kai wa wanda na yarda da shi, ita ta gama da boko. Wallahi na tsani kaina. Ya zan yi ta koma kafin jarrabawa?

Yayan da ya yi ɓarna, Dogon Dutsi

Ɗana, ka yi ɓarna kam, ba zan ɓoye maka ba. Kishin ƙanwa ba laifi ba ne, kuma waya a hannun yarinya tana son sa ido. Amma ka yanke hukunci da bakin ƴan shayi, ba ka tambayi mai abin ba. Yanzu ka bar tsanar kanka haka nan, ba za ta koya mata darasi ko ɗaya ba.

A gaban Inna ka ci mutuncinta, to a gaban Inna za ka roƙe ta gafara, ba tare da "amma" ba. Daga nan ka wuce fadar nan ka gaya musu gaskiyar abin da ke kai ta tudu, don maganar na nan tana yawo da sunanta.

Sannan ka je wurin shugaban makarantarsu da kanka, ka bayyana masa cewa jinya ce ta riƙe ta. Na tabbata malamanta ba su san rabin abin da take ɗauke da shi ba. Wayar kuma kada ka tura mata dole. Ka sa mata forfe na kira da intanet, ka haɗa da ƙaramin sola na caji, ka ajiye a ɗakin Inna. Za ta ɗauka in zuciyarta ta huce.

Amma ka ji ni da kyau: ko sabuwar waya ka saya, yarinyar da ke jinya ita kaɗai ba za ta ci jarrabawa ba. Ku zauna da dangi a raba kwanaki, kai ne na farko. Ka bar wa wani shagon, ka je ka juya mahaifiyarka da hannunka, Mubarika ta tafi aji. Ran nan ne za ta yarda ka tuba.

Allah Ya ba Inna lafiya, Ya ba Mubarika sa'a.

Tanti Sahura